Inji ko Hannu? Tarihin Kaki, Fenti da Ƙyallin Mota

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu son mota da masu sana'ar gyaran jikinta: shin ya fi kyau a shafa wa mota kaki da inji, ko kuwa da hannu? Ɓangare ɗaya na cewa inji ya fi sauri, ya fi daidaita shafi, kuma ba ya gajiya. Ɗaya ɓangaren na cewa hannu ya fi sanin inda zai bi, inji kuwa ɗan ɓarna ne, yana iya ƙona fenti cikin ƙiftawar ido. Kowane ɓangare yana da shaidar da ya gani da idonsa, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

Abin da ya hana ta mutuwa shi ne an cakuɗa ayyuka biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Idan mai mota ya ce a yi wa motarsa folish, yana iya nufin a goge fentin, wato a kankare ɗan siririn samansa don a kawar da ƙarzuwa da dushewa. Yana kuma iya nufin a shafa kaki, wato a ɗora wani siririn mayafi a kan fentin don ya kare shi daga rana da ruwa da datti. Aiki na farko ragi ne, na biyu ƙari. Abin da aka ƙara yana tafiya a sake ƙara wani, amma abin da aka rage ba ya dawowa. Tarihin shekaru fiye da ɗari ya nuna cewa don aikin ragi aka ƙera inji, kuma irin fentin da ke jikin motocin kowane zamani shi ne ya riƙa tsara wanne ya dace a ɗauka, inji ko tsumma.

Gadon karusa

Motocin farko sun gaji kusan komai daga karusar doki, har da yadda ake yi musu fenti. Mai fenti yakan ɗauki buroshi ya shafa, ya jira ya bushe, ya goge da garin dutse mai laushi da ruwa, sannan ya sake shafawa. Haka zai yi ta maimaitawa sau da yawa kafin ya rufe da man ƙyalli na ƙarshe, wanda ake haɗawa daga man tsirrai da ƙaron wasu itatuwa. Wani kaso na wannan ƙaro, wanda ake kira kofal, daga gaɓar gabashin Afirka ake fitar da shi ta tashar Zanzibar. Kowane shafi yana buƙatar kwanaki kafin ya bushe, don haka mota ɗaya takan kwashe makonni a ɗakin fenti. Bayan duk wannan wahala, fentin ba ya jure rana da ruwan sama; cikin shekara ɗaya ko biyu ya dushe ya soma tsattsagewa.

Tun da jikin karusa da na motocin farko yawanci katako ne, kuma irin man da ake shafa wa kujeru da tebura ake shafa musu, ba abin mamaki ba ne cewa masu sayar da man goge kayan ɗaki su ne suka fara sayar da man goge mota. Frank Meguiar ya fara haɗa man goge katako a garin Evansville na jihar Indiana a Amurka a 1901, kafin motoci su janye kasuwancinsa. Kamfanin S. C. Johnson da ke Racine a jihar Wisconsin, wanda aka kafa a 1886, da daɓen katako ya fara, sannan ya koma sayar da kakin goge daɓen. A 1910 kuma George Simons ya haɗa wani kaki musamman don mota a birnin Shikago, aka sa masa suna Simoniz. Sunan ya shahara har Amurkawa suka mayar da shi kalmar aikatau, suna nufin shafa wa mota kaki.

A wancan lokaci babu batun zaɓi. Kakin mai tauri ne, a gwangwani yake zuwa. Ana dangwalo shi da jiƙaƙƙen tsumma, a murza a ɗan ƙaramin waje, a goge kafin ya ƙanƙame, sannan a matsa gaba. Masu hali suna da direba ko yaron gida mai yin wannan aiki. Wanda ba shi da hali kuwa ya san wuninsa ya tafi.

Garin da ke kan ganye

Sirrin waɗannan gwangwanaye yana wata ƙasa mai nisa. A arewa maso gabashin Barazil, musamman jihohin Piauí da Ceará, akwai wata bishiya dangin giginya da goriba da ake kira karnauba. Yankin yana fama da dogon rani, kuma bishiyar tana kare kanta daga ƙishirwa ta hanyar lulluɓe ganyenta da wani farin gari mai maiƙo wanda ke hana ruwan jikinta tserewa. Wannan garin shi ne kakin karnauba. Idan rani ya kama, ana yanko ganyen, a shanya a rana, a kaɗe garin, a narkar da shi, a tace. Wanda aka samo daga ƙananan ganyen da ba su buɗe ba shi ne mafi haske da tsada. Na manyan ganye ya fi duhu da araha.

Darajarsa tana cikin taurinsa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, amma karnauba sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86. Ga abin da zai wuni a kan ƙarfe a tsakar rana, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai taurin nan ya sa ba a iya shafa shi tsantsa; dole a sassauta shi da mayuka da sinadaran narkarwa, waɗanda ke bushewa bayan an shafa su bar kakin a manne. Farin hazon da ake gani a jikin mota kafin a goge shi ne ragowar da bai manne ba.

Kamfanoni sun dogara da wannan bishiya har ta kai ga a 1935 shugaban kamfanin S. C. Johnson, Herbert F. Johnson, ya hau wani jirgin sama ƙirar Sikorsky mai iya sauka a ruwa da tudu, ya tashi daga Amurka zuwa birnin Fortaleza, don kawai ya ga da idonsa ko itatuwan za su wadaci buƙatar kamfaninsa. Har yau Barazil ce kaɗai ƙasar da ke fitar da wannan kaki zuwa kasuwannin duniya, kuma ba mota kaɗai ke amfana da shi ba. Shi ne ke sa wasu alewoyi da ƙwayoyin magani sheƙi, yana cikin jan-baki da man takalmi.

Fentin da ya haifi inji

Lokacin da Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci mai tafiya a 1913, ɗakin fenti ya zama ƙarfen ƙafa. Mota tana haɗuwa cikin sa'o'i, fenti yana neman makonni. Ford ya warware tasa matsalar da baƙin fenti mai araha da ƙarko, wanda ake gasa sassan ƙarfe da shi a tanda, kuma daga 1914 zuwa 1925 baƙar Model T kaɗai ake samu daga masana'antarsa. Abokan hamayyarsa a General Motors suna son launuka, don haka suka haɗa kai da kamfanin sinadarai na DuPont. Sakamakon shi ne Duco, wani fenti da aka yi daga sarrafaffiyar auduga, dangin sinadarin da ake yin fim ɗin sinima da albarushi marar hayaƙi. An fara amfani da shi a kan shuɗiyar motar Oakland ta shekarar 1924. Da bindigar feshi ake fesa shi, kuma yana bushewa cikin sa'o'i.

Amma Duco ya zo da nasa sharaɗin. Idan ya bushe ba ya sheƙi. Fuskarsa takan fito a dushe, da ƙananan gurɓi kamar ɓawon lemo. Sai an goge shi da man gogewa mai ɗauke da garin dutse kafin ya yi ƙyalli. Wato kowace mota da ta fito daga layi tana jiran wanda zai kankare samanta, kuma motocin dubbai ne. Hannun ɗan Adam ba zai iya wannan tsere ba. A daidai wannan lokaci ne kayan aiki na hannu masu amfani da lantarki suke yaɗuwa a masana'antu, sai aka ɗaura faifan gashin tumaki a kan inji mai juyawa. Nan ne asalin injin gogewa.

Wannan inji juyi ɗaya yake yi, kamar dutsen niƙa. Faifansa yana zagayawa a kan tsakiya guda, sau ɗaruruwa har zuwa wajen dubu uku a minti, kuma gefen faifan ya fi tsakiyarsa gudu nesa ba kusa ba. Gudun yana haifar da zafi, zafin da garin dutsen kuma suna cin fenti da sauri. A hannun gwani, babu abin da ya kai shi fitar da ƙyalli. A hannun ɗan koyo, daƙiƙa kaɗan a kan kusurwar ƙofa ko bakin bonet, inda fenti ya fi sirantaka, sun isa a ga fentin ƙasa ya leƙo. Ko da bai ƙona ba, yakan bar wasu zagayayyun tabbai da ba a gani sai mota ta fito rana. Tsoron da mutane ke yi wa inji har yau daga wannan inji ya samo asali, kuma tsoro ne mai dalili. Abin lura kawai shi ne ba don shafa kaki aka yi shi ba.

Zamanin tsumma mai ɗaukar launi

Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta shiga gidajen talakawan Amurka, wankin mota da shafa mata kaki a ƙofar gida ranar hutu ya zama al'ada. Kamfanoni suka shiga gasar rage wa mutane wahala. A Shikago, Ben Hirsch ya fito da kaki na ruwa a kwalba a shekarun 1940, wanda ya shahara da sunan Turtle Wax. An kuma soma zuba sinadarin silikon a cikin mayukan, abin da ya sa suka fi santsin shafawa da sauƙin gogewa.

Fentin wancan zamani shimfiɗa ɗaya ce mai launi tun daga sama har ƙasa. Rana tana cin samansa, ya mutu ya zama kamar alli, musamman ja da shuɗi. Don haka yawancin kwalaben da ake sayarwa ba kaki kaɗai ke cikinsu ba. Akwai ɗan garin gogewa da zai ɗebe mataccen fentin yayin da ake shafawa. Wanda ya goge jar mota sai ya ga tsummansa ya yi ja, motar kuma ta dawo kamar sabuwa. A nan ne ayyukan nan biyu suka shiga kwalba ɗaya, suka kuma shiga suna ɗaya a bakin jama'a. Tun da aikin yana buƙatar murza da ƙarfi, mutane suka ɗauka cewa gwargwadon gumi gwargwadon ƙyalli. A wancan fenti kuwa haka abin yake, kuma akwai sarari: launin yana da kauri, ana iya ɗan cin samansa shekara da shekaru kafin a kai ƙasa.

Shafa kaki da hannu ya samu wata martaba da ta wuce amfaninsa. Ya zama alamar haƙuri da kula da abin da mutum ya mallaka. Ba banza ba ne a fim ɗin The Karate Kid na 1984 tsohon malami ya fara horar da ɗalibinsa da shafa wa tsofaffin motoci kaki, hannu ɗaya na shafawa, ɗaya na gogewa.

Fatar da ba ta kai kaurin gashi ba

A daidai shekarun da wancan fim ya fito, fentin mota yana sauya kama baki ɗaya. Dokokin tsabtace iska, irin wadda Amurka ta zartar a 1970, sun matsa wa masana'antu lamba su rage sinadaran narkarwa da ke tashi sama daga ɗakunan fenti. Masu saye kuma suna son launuka masu ƙyalƙyalin ƙarfe waɗanda ba sa jure gogewa kai tsaye. Mafitar da aka fara amfani da ita a Turai, ta kuma game duniya a shekarun 1980, ita ce raba fenti gida biyu: siririn launi a ƙasa, sannan wata fata marar launi, garai-garai kamar gilashi, a samansa. Kusan duk motar da ke kan titi a yau haka aka yi mata.

Lissafin kaurin yana da ban tsoro. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duk fentin da masana'anta ke ɗorawa, daga maganin tsatsa har zuwa sama, yakan kama tsakanin maikiron 100 zuwa 150. Daga ciki, fatar sama tana ɗaukar wajen 35 zuwa 50. Silin gashin kan mutum yakan kai kimanin 70. A cikin wannan 'yar fata ne aka zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙuna, waɗanda ke kare launin da ke ƙasa. Ƙwararru sukan yi gargaɗin kada a ci fiye da rubu'inta a duk tsawon rayuwar mota. Idan ta yi sirara fiye da kima, sai ta soma fari-fari a kan rufi da bonet, daga nan ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. A wannan mataki babu kakin da zai yi magani, sai sabon fenti.

Sabon tsarin ya juyar da tsohuwar hikima. Na farko, tsumma ya daina ɗaukar launi, don haka mai gogewa ba ya ganin abin da yake cinyewa. Na biyu, fatar saman ta fi tsohon fenti tauri, ta yadda cire ƙarzuwa daga jikinta da hannu ya zama aiki mai matuƙar wuya. Na uku, duk da taurin nata, ƙaramar ƙarzuwa tana fitowa fili a kanta, musamman a baƙar mota, kamar saƙar gizo-gizo a kewayen hasken rana. Wato fenti ya ƙara buƙatar inji idan ana son gyara, ya kuma ƙara tsoron inji idan an yi kuskure. Mai neman gira yana iya rasa ido.

Injin da ya koyi motsin hannu

Amsar ta fito daga wajen da ba a zata ba. Tun farkon shekarun 1950 akwai wani inji mai suna Cyclo, mai kawuna biyu da ke karkaɗawa maimakon juyawa kai tsaye, wanda aka fi amfani da shi wajen goge jikin jiragen sama. Amma abin da ya canza kasuwa shi ne injin samfefa na kafintoci. Wannan inji yana yin motsi biyu a lokaci ɗaya: faifansa yana juyawa, tsakiyar faifan kuma tana kewaya wani ɗan ƙaramin da'ira, ta yadda babu ɗigon da ke bin sawu ɗaya sau biyu. Kafintoci suna son shi domin ba ya barin zane a katako. A shekarun 1990 masu gyaran jikin mota a Amurka suka cire samfefar suka ɗaura soso, injin Porter-Cable 7424 ya zama abin da kowane mai sha'awar mota ke iya saya ya ajiye a gida.

Amincinsa yana cikin rauninsa. Juyawar faifan ba ta ɗaure da ƙarfin injin kai tsaye. Idan aka danna da yawa, ko aka karkata a kan kusurwa, sai juyin ya tsaya, karkaɗawar kawai ta rage. Zafi ba ya taruwa a waje ɗaya kamar yadda yake yi a tsohon inji. A taƙaice, an ƙera inji ne mai kwaikwayon zagayen da hannu ke yi, sai dai sau dubbai a minti. A farkon shekarun 2010 kamfanin Rupes na Italiya ya faɗaɗa wannan da'ira daga kimanin milimita 8 zuwa 21 a injinansa na BigFoot, aikin gyara ya ƙara sauri ba tare da an koma haɗarin dā ba.

Da wannan inji ne shafa kaki da na'ura ya zama abin hankali. Idan aka sa soso mai laushi, aka rage gudu, aka ɗiga kaki na ruwa, injin yana shimfiɗa shi siriri kuma daidai a kan manyan wurare kamar rufi da ƙofofi. Sirantakar ita ce ribar. Abin da ke zama a jikin fenti bayan an goge bai kai maikiron ɗaya ba, komai yawan da aka lafta. Wanda ya lafta da yawa ya ɓarnatar da kaki, ya kuma ƙara wa kansa wahalar gogewa. Kuskuren da masu shafawa da hannu suka fi yi ke nan.

Amma kakin bai san wanda ya shafa shi ba. Idan fenti yana da tsabta, siririn shafin da aka yi da hannu da wanda aka yi da inji kariya ɗaya suke bayarwa, kuma lokaci ɗaya suke ɗauka kafin su tafi, makonni zuwa 'yan watanni ga karnauba. Hannu yana da nasa fifikon: yana shiga ƙarƙashin mariƙin ƙofa da kewayen madubi da tambarin mota, yana kauce wa baƙar roba wadda kaki ke bar wa farin tabo, ya fi dacewa da kaki mai tauri na gwangwani, kuma ba ya buƙatar wuta. Ko da inji aka shafa, yawanci da tsumma ake gogewar ƙarshe. Sabbin mayukan kariya masu sinadarin gilashi, waɗanda ake kira siramik kuma suke daɗewa shekaru, su ma da hannu ake shafa su, da ɗan ƙaramin soso, bayan inji ya gama gyara fentin. Bayan shekaru ɗari na ƙere-ƙere, rabon aikin ya koma inda ya fara: inji ga ragi, hannu ga ƙari.

Abin da hunturu ke ƙarawa

Duk wannan tarihi a ƙasashen sanyi aka rubuta shi, amma motocin da ya haifar suna ƙarasa rayuwarsu a wurare irin Kano da Maraɗi da Injamena, inda yanayi ke ƙara wa lissafin nauyi. Babban kaso na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodélé a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Ƙasar wurin cike take da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa na dā, masu jikin gilashi. Irin wannan gari ne masana'antu suka daɗe suna zubawa a mayukan gogewa domin ya ci saman ƙarfe da fenti. A hanya kuma iska tana haɗa shi da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi fenti tauri. Wanda ya tashi da safe ya share ƙurar hunturu daga jikin mota da busasshen tsumma, ko ya ɗora inji a kan motar da ba a wanke da kyau ba, samfefa yake yi mata bai sani ba.

Ga kuma rana. Baƙar mota da ta wuni a fili a watan Afrilu jikinta yana iya kusantar zafin da ke sassauta kaki, don haka kariyar karnauba ba ta daɗewa kamar yadda aka rubuta a gwangwani, kuma shafa shi a kan ƙarfe mai zafi yana sa ya ƙanƙame kafin a goge. Sannan yawancin motocin da ake shigowa da su na hannu ne. Sun riga sun sha gogewa a wajen masu su na farko, wasu kuma an sake goge su da inji mai ƙarfi don su yi kyau a filin sayarwa. Mai saye ba shi da hanyar sanin maikiron nawa suka rage sai da na'urar auna kaurin fenti.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ga mai mota a gaban mai wanki ita ce: me ke cikin kwalbar, kuma wane irin inji ne? Idan kaki ne tsantsa, a inuwa, a kan mota mai sanyi da aka wanke da wadataccen ruwa, to hannu ya isa, inji mai motsi biyu ma ba laifi. Idan kuwa man gogewa ne mai gari, a kan faifan gashi, da inji mai juyi ɗaya, to ana cirar wani abu daga ajiyar da ba a mayarwa. Yin haka sau ɗaya ko biyu a hannun gwani gyara ne. Yin sa duk wata, ko duk sallah, gyaran gangar Auzinawa ne: motar za ta yi ta ƙyalli har ranar da fatar za ta saɓule.

Hannun farko

Akwai wani hannu da muhawarar ba ta cika ambata ba. A Piauí da Ceará, har yanzu mutum ne ke tsayawa a gindin bishiya da doguwar gora mai lauje a kai, yana yanko ganye masu ƙaya daga tsayin mita goma ko fiye, a tsakiyar rani. Wasu suna tattarawa, wasu suna ɗaurewa, wasu suna shanyawa. An samu injin kaɗe garin, amma yankan da kwasar na hannu ne, kuma kowane ganye giram kaɗan yake bayarwa. Aikin na 'yan watanni ne a shekara, masu yin sa kuma suna cikin mafi talaucin ma'aikatan karkarar Barazil. A shekarun 2010 masu binciken ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar sun sha ceto ma'aikata daga dazuzzukan karnauba a yanayin da dokar Barazil ke kira mai kama da bauta: babu ruwan sha mai tsabta, babu makwanci, babu kayan kariya, babu rajistar aiki. Bayan wani shirin talabijin na Jamus ya fallasa lamarin a 2017, aka kafa wata haɗaka ta kamfanoni da hukumomi da ƙungiyoyi a 2018 domin bin diddigin inda kakin ke fitowa da yadda ake biyan masu yanko shi.

Duk gwangwanin kakin karnauba da aka buɗe, a Shikago ne ko a Sabon Gari, daga wancan lauje ya faro. Ganyen ya tara garin ne don ya tsira daga fari, mai yanka ya yanko shi don ya ciyar da iyalinsa, mai mota kuma yana shafa shi don ya tsawaita ran wata fata da ba ta kai kaurin gashi ba. Inji ya shigo tsakiyar wannan tafiya a shekarun 1920 domin ya biya buƙatar wani fenti da yanzu masana'antun mota ba sa amfani da shi, ya kwashe shekaru saba'in kafin ya koyi tausasawa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ji tsoron kowane inji ba, ba zai kuma miƙa motarsa ga kowane mai inji ba. Zai fara tambaya ne ko aikin da za a yi ƙari ne ko ragi.